Don Allah ku ba ni shawara, in sallami yarinyar nan ko in bar ta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan gidan abinci a Zoo Road nan Kano, akwai yarinyar da take min aiki shekara uku ke nan, marainiya ce, maƙociyata ce ta kawo min ita, kuma lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023 da aka canja takardun naira sai da na yi wata biyu ban cika mata albashi ba amma ko rana ɗaya ba ta fasa zuwa ba, ita ke buɗe shago tun asuba. Jiya wani Alhaji da ya saba zuwa ya ci tuwon shinkafa miyar taushe, ya ce ya tura kuɗi, ya nuna mata wayarsa, alat bai shigo ba, ta ce ya ɗan jira. Sai ya hau faɗa gaban mutane wai ta mai da shi ɓarawo. Kuɗin sun shigo bayan minti goma. Yanzu ya aiko cewa ko in sallame ta ko shi da 'yan ofis ɗinsu sun daina zuwa, su ne kuwa masu sayen abinci da yawa duk Juma'a. Wallahi ban runtsa ba.

Baban Yara: Hajiya sallame ta yau ɗin nan. Shekara ashirin ina kasuwa a Kwari, mai kawo kuɗi ba a ja da shi. Yaran aiki ga su nan birjik, irin wannan Alhajin kuwa in ya tafi ya tafi.

Maman Biyu: Ni dai alat ɗin bogi ya cinye min atamfa turmi biyu, matar har rasit ta nuna min, ta hau adaidaita sahu ta tafi, har yau ina jiran kuɗi, maigidana ma cewa ya yi sakacina ne. Duniyar nan sai addu'a.

Wani Malami: Hajiya wa ya kafa dokar jiran alat? In ke ce, to amana ta riƙe miki. Kuma a dokar ƙwadago ta Najeriya wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar yana aiki sai an ba shi sanarwar mako biyu kafin sallama.

Mai tambaya: Malam ni na kafa, amma ai ba don irin su Alhaji ba, ya kamata ta san na gida. Kuma wai ce masa ta yi ko wane ne sai ta ga alat, shi ne abin da ya ƙona masa rai.

Baban Yara: To kun ji! Rashin kunya ce tsagwaronta, malam ka bar zancen doka, haya da gas doka ce za ta biya mata?

Anti daga Kaduna: Ɗiyata ki ɗauke ta ku je ta ba shi haƙuri, sannan ki mai da ita kicin na ɗan lokaci, kar ki ɗauki alhakin marainiya.

Mai tambaya: Anti kicin akwai mutum biyu, ba zan iya biyan uku ba. Ita kuma tun safe kuka take tana cewa me ta yi. Ga Juma'a jibi, har yanzu ban ba Alhaji amsa ba.