Injin yankan ciyawata mai zare yana zubar da fetur, wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Injin yankan ciyawata na hannu, irin mai zare mai shan fetur, ya fara yoyo tun makon jiya. Idan na jingine shi da yamma, da safe sai in tarar ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin tanki, ɗaki duk warin mai. Yana tashi lafiya, yana yanka lafiya, amma hankalina bai kwanta ba don salansa na kusa da wurin. Shekararsa 3 a hannuna. Don Allah wanda ya taɓa gyara irin wannan ya faɗa mini abin da ya gani.

Baba Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sake tayar da shi sai ka gano ramin. Fitar da shi waje, nesa da wuta da taba, ka zare hular fulogi. Goge jikinsa ya bushe sarai, zuba mai rabin tanki, ka ɗora shi kan busasshen kwali ka zauna kana kallo. Fetur yana bin jikin roba ya gangara, don haka inda yake ɗiga ba lallai nan ne inda yake fita ba. Bi danshin da yatsa zuwa sama har inda ya tsaya. A cikin waɗanda suka biyo ta hannuna, tiyo ne ya fi yawa, sai robar da tiyon ke ratsawa ya shiga tanki.

Ɗan Gandu:
Gaskiyar Baba. Nawa tiyo ne. A ido lafiyarsa ƙalau, da na lanƙwasa shi sai ya karye kamar busasshen kara. Fetur mai haɗin etanol, irin E10, yana sa robar ta ƙandare idan ya daɗe a ciki, ni kuwa na bar mai a tanki wata da watanni.

Ga yadda na yi. Tiyo biyu ne: ɗaya yana da filta a bakinsa cikin tanki, shi ke kai mai kafireta, ɗayan kuma yana mayar da ragowa tanki. Ka ɗauki hotonsu da waya kafin ka taɓa komai. Na lanƙwasa 'yar waya na jawo filtar ta bakin tanki, na cire ta, na zare tsohon tiyon. Sabon kuwa dole ya zama na fetur, kuma kaurinsa daidai da na tsohon, domin matsewarsa a cikin rami ita ce ke hana yoyo. In ya yi siriri ko kaɗan, aikin banza ka yi. Na yanke bakinsa a karkace ya yi tsini, na shafa masa ɗigon man inji, na tura, na kamo shi da filaya mai dogon baki ta ciki. Sannan na daidaita bakin, na sa sabuwar filta. Ka bar masa tsawon da filtar za ta kwanta a gindin tanki ta riƙa juyawa duk inda ka karkata injin.

Maman Furanni:
Malam Mai Lambu, ka duba murfi ma. Nawa ba ya zuba sai na karkata shi ina gyara gefen hanya. Ashe zoben robar da ke cikin murfin ne ya tsage. Sabon murfi kawai na sa.

Ɗan Gandu:
Na manta, Hajiya ta tuna mini. Ranar farko na haɗa tiyon biyu a juye, na yi ta danna 'yar robar famfo ba ta cika ba. Robar nan jawo mai take yi ta cikin kafireta ta tura shi tanki, in aka juya tiyon biyu iska kawai take ja. Ita ma ka duba ta, tana tsagewa ta gefe, sai ka danna hannunka ya jiƙe.

Mai Aikin Fili:
Ni tawa ta fi wuya. Na canza tiyo, na canza murfi, mai bai daina fita ba, kuma ta wajen filtar iska yake biyowa, soson ya jiƙe sharkaf. Da rana ta doki tanki sai abin ya ƙaru, saboda zafi na sa tururin fetur ya matsa daga ciki. Matsalar tana cikin kafireta: datti ya hana allura, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe hanyar mai yana rufewa, zama daidai a mazauninta, 'yar fatar da ke danna ta kuma ta bushe ta yi tauri. A jikin kafiretar akwai sunan kamfani da lamba, tawa ta kamfanin Zama ce, wasu ta Walbro, da lambar nan na samo kayan gyaranta. Abin da ya kusa ɓatar da ni shi ne jerin shimfiɗa su. A gefen allura gasket, wato ɗan shimfiɗin da ke hana yoyo, shi ke fara kwanciya a jikin kafireta, fata ta hau kansa. A ɗaya gefen kafiretar, na famfonta na ciki, fata ce ke fara kwanciya, gasket ya biyo baya. Ku jera su kan farin ƙyalle yadda kuka cire su. Kuma a yi hankali da ɗan sifirin da ke ƙarƙashin hannun allurar, in ya yi tsalle nemansa aiki ne.

Sabon Shiga:
Yaya, in tankin kansa ne ya tsage fa? Ni na liƙe nawa da gam ya riƙe.

Baba Bakanike:
Kwana nawa ya riƙe, ɗana? Yawancin tankunan nan robarsu irin wadda gam ba ya kamawa da kyau ce, ga fetur yana cin gam ɗin, ga girgizar inji. Na ga wanda liƙinsa ya saki yana tsakiyar aiki, mai ya jiƙa masa riga, salansa kuma da zafi. Ka sa sabon tanki.

Sabon Shiga:
Sati biyu ke nan, Baba. Na ji, zan ajiye shi har in sami tankin.

Mai Lambu:
Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin kwali kamar yadda Baba ya ce. Danshin ya kai ni har baƙar robar da tiyo biyu ke ratsawa a saman tanki, ta motse ta tsattsage, ina taɓa ta tana juyawa. Tunda na riga na buɗe, na canza ta tare da tiyon biyu da filta. Shigar da robar ce ta ba ni wahala, sai da na shafa mata man inji na bi gefenta a hankali da abu marar tsini. Na haɗa sabon mai 50:1 kamar yadda littafin injina ya ce, wato mililita 20 na man inji a lita 1 ta fetur. Na danna famfo ya cika, na matsa nesa da inda na zuba man kafin na ja igiya. Ya kwana biyu kan sabon kwali, a tsaye da kuma a kwance, babu ɗigo ko ɗaya.