Ƙurajen zazzaɓi a leɓe: wai filastar nan da ake liƙawa tana aiki kuwa?

Maman Iman, Gusau:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ni dai da na yi maleriya ko hunturu ya kama sai ƙurajen nan su feso min a gefen leɓe, da farko in ji wurin na tsikari yana zafi-zafi, kafin gari ya waye sun ɗure ruwa, in sun fashe su yi ɓawo, ko dariya na yi ɓawon ya tsage jini ya fito. To ga su sun fito kuma bikin ƙanwata ne sati mai zuwa. Na ga wata a TikTok tana liƙa wata 'yar filasta shara-shara wai ita Compeed har ta shafa jan baki a kai. Magani ne a jikinta ko rufewa kawai take yi? Ana samu a nan Gusau? Kuma ina da jinjiri ɗan wata biyu, ko zai iya ɗauka?

Inna Hauwa, Argungu:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi ba ki lahiya. Mu dai da munka taso man kaɗanya aka shafawa, wasu su sa makilin shi bushe da wuri. Ki gwada, mi za ki kai kuɗinki ga leda.

Baban Khalifa, Birnin Kebbi:
Inna a yi min afuwa, man kaɗanya ba laifi don yana hana ɓawon tsagewa, amma makilin kam a bar shi, ƙona fatar kawai yake yi ya ƙara raɗaɗi.

Maman Iman, ni aikin famasi nake. Ƙurajen nan ƙwayar cuta ce ta bairos ke kawo su, ana ce mata HSV-1. In ta shiga jiki sau ɗaya ba ta fita, kwanciya take yi cikin jijiyar fuska, sai zazzaɓi ko zafin rana ko gajiya ko jinin al'ada ya taso ta. Shi ya sa kullum kusan wuri ɗaya suke fito miki. Kuma kar ki ɗauka wani abin kunya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 64 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya na ɗauke da ita, da yawa tun suna yara suka ɗauka ba su ma sani ba.

Ita filastar Compeed babu maganin kashe bairos a cikinta. Abin da take yi shi ne ta shanye ruwan ƙurjin, ta bar wurin da ɗan danshi kar ya yi busasshen ɓawon nan mai tsagewa, ta kuma tare ƙura da hannunki don mutum bai san sanda yake kai yatsa ba. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne musamman da ƙurar hunturunmu. An taɓa kwatanta ta da man asaikulobiya, wato man shafawa mai yaƙar bairos ɗin, a 2008, warkewar ta zo kusan ɗaya, wajen sati guda. Shi man, wanda za ki gani an rubuta Aciclovir ko Zovirax, sau 5 ake shafawa a rana na kwana 5, amma ƙarfinsa a lokacin tsikarin nan ne kafin ruwa ya taru. Tunda naki sun riga sun fito ni filastar zan zaɓar miki in kin samu. Sai dai ba a haɗa su, in kika shafa mai ba za ta kama ba.

Abin da ke tayar min da hankali kullum a kanti shi ne masu zuwa neman Funbact-A ko Skineal su lafta a kai. Akwai sitiroyid a cikinsu, yana rage wa fata ƙarfin faɗa da ƙwayar, ƙurji ɗaya sai ya bazu. Don Allah kar ki sa.

Aunty Nas, Kaura Namoda:
Ni maganar jinjirin nan ce ta tsayar da ni. Ƙanwata ki ji da kyau, kar ki sumbace shi sam har sai wurin ya warke tas, ko da filasta a kai. Abin da ke zama ɗan ƙurji a bakin babba, a jikin jariri yana iya taɓa ido, hanta har ƙwaƙwalwa. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, kar ki ɗanɗana cokalin maganinsa da bakinki, tawul ɗinki daban. Nono kuma ki ci gaba da ba shi matuƙar babu ƙurji a kan nonon. Ranar biki ki sa ido, kin san mu mata kowa ta karɓi yaro sai ta kai baki, duk wadda kika ga abu a leɓenta ki karɓe ɗanki ko za ta ji haushi. In kika ga jikinsa ya yi zafi, ya ƙi kama nono, yana barcin da ba ki saba gani ba ko ƙuraje masu ruwa sun fito masa, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, ga asibitin tarayya na FMC nan kusa da ku, ba kemis ba.

Maman Iman, Gusau:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baban Khalifa ya ake liƙa ta, kuma in ban samu ba fa?

Baban Khalifa, Birnin Kebbi:
Ki wanke hannu, wurin ya bushe sarai babu bazilin babu hoda, ki liƙa ki ɗan danne da yatsa ta kama. Tana iya kai awa 12, ki bar ta har sai gefenta ya fara ɗagowa sannan ki canza, kar ki ɓamɓare da ƙarfi. Kwalliya a bayanta ake yi, kuma jan bakin da ya taɓa ƙurjin kar ki ara wa amarya. Ƙananan kemis da wuya su ajiye ta, ki tambayi manyan famasi ki duba ranar lalacewa a kwalin. In babu, bazilin da ɗan auduga mai tsabta ya wadatar, kar dai ki sa filastar ciwo ta yau da kullum, wajen cirewa za ta tafi da ɓawon. Idan ya wuce kwana 10 bai warke ba, ko ya doshi ido, ko kuma yana yawan dawo miki, ki ga likita, akwai na haɗiya da yake rubutawa.