Jinga ko kaso? Muhawarar zaurenmu a kan Steve Albini

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Yaya Mai Jita ya jefo wata magana dare ya raba mu ba a ƙarasa ba. Cewa ya yi Steve Albini, injiniyan sautin nan na Amurka da ya rasu ranar 7 ga Mayu 2024 yana da shekara 61, shi ne a kan daidai da ya ƙi karɓar kaso daga cinikin faifan da ya naɗa wa mawaƙa, kuma duk furodusan da ke karɓar kaso haƙƙin mawaƙi yake ci. Ɗan Situdiyo ya ce bai yarda ba. To ga fili, amma a yi da ladabi.

Yaya Mai Jita: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. A 1991 ƙungiyar mawaƙa ta Nirvana ta fitar da Nevermind, faifan da a farkon 1992 ya ture na Michael Jackson daga saman jadawalin ciniki a Amurka. Da suka tashi yin na gaba sai suka nemi Albini, mutumin da ya saba aiki da ƙananan ƙungiyoyi a Shikago. Kafin ya amsa ya rubuta musu doguwar wasiƙa, ya ce a biya shi kamar yadda ake biyan mai gyaran famfo, ya yi aiki a ba shi ladansa. Shi da kansa ya lissafa cewa in ya karɓi kason da aka saba, aka sayar da kwafi miliyan 3, zai tashi da wajen dala 400,000, ya ce ba zai iya barci da irin wannan kuɗi ba. Dala 100,000 ya karɓa jinga. A Fabrairu 1993 suka shiga situdiyon Pachyderm a jihar Minesota, cikin kimanin mako biyu aka gama naɗar faifan, mai suna In Utero. Ku gaya mini magini nawa ne ke dawowa duk wata ya karɓi rabonsa cikin kuɗin hayar gidan da ya gina?

Ɗan Situdiyo: Yaya, da girmanka, amma wanda bai kwana a situdiyo ba zai ga abin da sauƙi. Shekaru uku da suka wuce wani yaro ya zo mini da baiti huɗu a takarda, babu kari babu amshi. Ni na zauna kan fiyano har asuba na nemo masa kari, na ɗora kalangu, na gyara masa inda numfashinsa ke yankewa, kalma guda sai da muka maimaita ta fiye da sau ashirin. Ya biya ni kuɗin zama ɗaya ya tafi. Waƙar ta shiga gidajen biki, har yau da ita ake gayyatarsa, ni ko gaisuwar sallah ban samu ba. Wannan ba ginin gidan wani na yi ba, da ni aka haifi waƙar.

Anti Lauya: Ku dakata, abu biyu kuke cakuɗawa. Albini bai taɓa son a kira shi furodusa ba. Abin da ya fi so a rubuta a bayan faifai shi ne cewa shi ya naɗa, ko ma a bar sunansa gaba ɗaya. Ƙungiya ce ke zuwa da waƙoƙinta a shirye, sun yi ta kaɗa su a gaban jama'a, shi nasa ya kafa makirufo inda ya dace ya kama sautin yadda yake fita a ɗakin. Ku kwatanta da furodusa Quincy Jones a Thriller, faifan Michael Jackson na 1982. Shi yana cikin masu zaɓen waƙoƙin da za su shiga, shi ke kiran makaɗa, shi ke tsara yadda kiɗa zai tafi, Bruce Swedien kuma yana kan na'ura a matsayin injiniya. Aikin da ƙanena Ɗan Situdiyo ya yi wa yaron nan ya fi kusa da na Quincy.

Yaya Mai Jita: Anti, na ji, amma kada a raina abin da Albini ke zubawa a aiki don a ce shi ya sa bai cancanci kaso ba. Duk wanda ya saurari gangunan da ya naɗa zai gane hannunsa ko ba a faɗa masa ba. Ba ya toshe ganga da makirufo a bakinta kaɗai, yana baza wasu nesa a ɗakin don su kamo amsa-kuwwar bango, shi ya sa za ka ji kamar kana tsaye kusa da makaɗin. A faifan ƙungiyar Pixies na 1988, Surfer Rosa, har banɗaki ya kai mawaƙiya ta rera don amon wurin. Da ya gina situdiyonsa, Electrical Audio, a Shikago a 1997, tubalin laka aka yi wasu bangayen da shi, irin wanda kakanninmu suka sani, saboda yadda laka ke riƙe sauti. Kuma har ya rasu a kan tef yake naɗa, yana cewa tef zai daɗe ana iya kunna shi bayan manhajojin kwamfuta sun shuɗe. Mutum mai wannan gwaninta ne ya ce waƙa ta mai waƙa ce.

Malam na Zariya: Ni abin da na gani, ciniki iri biyu ne kuma kowanne sananne ne a wurinmu. Akwai ijara, ka yi aiki a biya ka lada sananne, riba ko asara ba ruwanka. Akwai kuma tarayya, kamar wanda aka ba kiwo a kan za a raba abin da aka samu. In an yi sharaɗi a fili kowa ya yarda, ba a ce wa ɗayansu zalunci. Saboda haka kalmar cin haƙƙi ta yi nauyi, Yaya. Inda na fahimci Albini shi ne, a tsarin kamfanonin Amurka kason furodusa daga cikin rabon mawaƙi ake yankarsa, ba daga na kamfani ba. A 1993 ya rubuta wata maƙala a mujallar The Baffler, ya buga misalin ƙungiyar da ta sayar da kwafi 250,000, kamfani ya kwashi kaso mafi tsoka, furodusa da manaja da lauya kowa ya ɗebi nasa, kowane ɗan ƙungiya ya tashi da dala dubu huɗu da 'yan kai. Wanda ya ga haka da idonsa, ba mamaki ya ƙi sa hannu a kwanon.

Autan Zaure: Malam a gafarce ni, ina da tambaya. In tsarin nasa mai kyau ne, me ya sa kamfanin da ke fitar da faifan Nirvana bai gamsu da aikinsa na In Utero ba? Na karanta cewa sai da aka kira wani ya gyara.

Yaya Mai Jita: Haka ne Auta. Mutanen kamfanin Geffen sun ga sautin ya yi kaushi, ba zai shiga rediyo ba, daga baya aka ba wani furodusa, Scott Litt, waƙoƙi biyu ya sake tace su kafin faifan ya fito a Satumba 1993. Duk da haka da fitowarsa ya hau matsayi na ɗaya. Albini ya sha faɗin cewa bayan wannan rigima manyan kamfanoni sun juya masa baya, aiki ya yi masa wuya na wani lokaci. Bai canza ba. Ga shi a situdiyon Abbey Road a Landan yana naɗa wa shahararrun mawaƙa Jimmy Page da Robert Plant faifan da ya fito a 1998, ya dawo gida ya sa rigar aikinsa irin ta makanikai, yaran da ba wanda ya san su suna buga waya shi ke ɗauka da kansa.

Ɗan Situdiyo: To ai nan ne gizo ke saƙa. Jingar da ya karɓa dala 100,000 ce. Yana da ƙungiyarsa ta Shellac, yana da gininsa, sunansa kaɗai na kawo masa aiki. Kuma mu faɗi gaskiya, mutumin yana buga karta ta kuɗi, har ya ci kambu a babbar gasar Las Vegas a 2018 da 2022. Ni ba zan bi wannan hanya ba, addinina ya hana. Ni da nake sayen man janareta kafin na kunna kwamfuta, in an ce kada na nemi kaso, da me zan riƙe iyali ranar da kunnena ya gaji?

Anti Lauya: Wannan tambaya ce ta gaske. Ni ma ban ɗauke shi waliyyi ba. A ƙuruciyarsa ya yi kalamai masu muni, har sunan wata ƙungiyarsa abin ƙyama ne, kuma a 2021 ya fito fili ya ce ya yi kuskure, bai nemi a yi masa uzuri ba. Amma ƙanena, abin da ya cuce ka ba rashin kaso ba ne kaɗai, rashin takarda ne. Albini kafin ya taɓa na'ura sai da ya rubuta wa Nirvana abin da zai yi, da abin da ba zai yi ba, da abin da za a biya shi. Kai kuwa ka ƙirƙiri kari, wanda a doka mawallafi ne kai a cikin waƙar, ka bar shi ya tafi a kan kuɗin zama.

Yaya Mai Jita: Na janye kalmar cin haƙƙi a kan wanda ya sa kari ko ya rubuta baiti, Malam ya yi gaskiya. Amma wanda mawaƙi ya zo masa da abinsa a kammale, ya danna naɗi ya tace, sannan ya ce yana da rabo har abada, wannan har gobe ban yarda da shi ba.

Ɗan Situdiyo: Ko tacewar ma Yaya, wata rana sai ka zo ka zauna ka ga yadda ake yinta kafin ka yanke hukunci. Anti, ranar Asabar akwai wata yarinya da za ta zo da waƙar biki, ta ce ni zan nemo mata kari. Me zan rubuta a takardar?

Anti Lauya: Sunanka a matsayin wanda ya yi kari, kuɗin zama daban, rabonka in an ɗora ta a intanet daban, ku sa hannu ku biyu da shaida ɗaya. Rubuto ka turo mini ta akwatin sirri, zan duba bayan isha'i.