Don Allah a taimaka, me za mu kira gravity da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar nake da shirin kimiyya na yara, zan yi musu bayanin abin da ke dawo da dutse in an jefa shi sama, kuma har yanzu ban samu sunan gravity ba. Yau Alhamis fa.

Malamin sakandare: Mu dai a aji maganaɗisun ƙasa muke cewa tun da daɗewa.

Ɗalibar fiziks: Malam a yi haƙuri, sunan nan yana rikita yara. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ruwansa da mangwaro ko ruwan sama, kuma wani lokacin ma tunkuɗewa yake yi, wannan kuwa komai yake ja kuma ba ya tunkuɗewa.

Bazazzagi: To a ce nauyi mana, ko jan ƙasa.

Ɗalibar fiziks: Yaya ai nauyi shi ne abin da jan ya haifar. Buhun geron da ya gagare ka a nan, a duniyar wata kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa za ka ji, alhali ko ƙwaya ba ta ragu ba. Kuma ba ƙasa kaɗai ke ja ba, rana ma tana jan duniyarmu, abin da masanin kimiyya Isaac Newton ya nuna kenan tun 1687.

Mai shirin rediyo: Jan ƙasa kuma in na faɗa a rediyo za a ɗauka ta gini nake nufi.

Dattijo: JANYAU. Kamar yadda muke cewa mantau, makarau. Na daɗe ina faɗa ba a saurara, sai an ji Bature ya furta sannan abu ya yi daraja.

Ɗan Damagaram: Baba mu nan da Faransanci aka koya muna, malaman Arabiyya kuma jazibiyya suke cewa, me zai hana a ara?

Dattijo: Aro aro kullum aro! Harshen da miliyoyin mutane ke yi ya rasa kalma ɗaya?

Malamin sakandare: Ranka ya daɗe, littafi da makaranta da sabulu ma ai ba gadonmu ba ne, kuma sun zauna daram.

Dattijo: Wannan daban. Ku dai 'yan boko kunyar Hausa kuke ji.

Mai shirin rediyo: Jama'a lokaci na tafiya. Zan ce ƙarfin janyowa, in yi bayani da dutse da misalin buhun geron da ƙanwata ɗalibar fiziks ta kawo, janyau kuma zan faɗe shi sau ɗaya in ji ko yaran za su kama.

Dattijo: Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma to. Ƙarfe nawa ne shirin?