"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": ta dace da darasin tsaron bayanai?

Malamin Kwamfuta:
Assalamu alaikum. Wannan zangon aka ba ni darasin share fage kan tsaron bayanai, ajin 'yan shekarar farko. Littafin da muke bi na Turanci ne, bugun Amurka, kuma tsakani da Allah littafi ne mai kyau: kowane babi da ɗan labari yake buɗewa, ya rufe da tambayoyin gwaji. Amma babin farko ya gagari yaran nan. Abu uku suka kasa rarrabewa: raunin da ke jikin na'ura ko tsari, da barazanar da ke iya bi ta raunin, da kuma haɗari, wato yiwuwar abin ya auku da girman asarar in ya auku. Za su haddace, su rubuta daidai, amma ka ce su nuna maka rauni ɗaya a wayar da ke hannunsu sai kowa ya yi tsuru-tsuru.

Ranar Talata na rufe littafin na rubuta a allo: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Na ce tsaga ita ce rauni, ƙadangare shi ne barazana. Nan take wata yarinya a layin baya ta ɗaga wayarta ta ce, "Malam, ashe shekarar haihuwata da na sa a lambar sirri tsaga ce?" Raina ya yi fari. Amma ina so masana su faɗa mini, na yi wa karin maganar adalci, ko na ja ta inda ba gidanta ba?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka ja ta, amma ba ka tsinka ta ba. Mu yadda muka taso muka ji ta, a kan zumunci ake faɗinta. Miji da mata, ko 'yan uwa, ko aminai, in suka bari saɓani ya shiga tsakaninsu, to magulmaci ya samu hanya. Bangon mutane ne, tsagar kuwa rashin jituwa. Abin da nake tsoro shi ne yaran su ɗauka bangon yana nufin na'ura kawai. Sannan a gidanmu "wurin ɓuya" muke cewa, ba "wurin shiga" ba. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya sani, ƙadangare ba ya bukatar tsaga don ya shigo tsakar gida, ta kan katanga yake hawowa da rana tsaka. Amfanin tsaga a wurinsa shi ne ya samu inda zai laɓe.

Mai Tsaron Manhaja:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan "wurin ɓuya" da ka kawo ya fi dacewa da aikinmu fiye da yadda kake zato. A 2017 an yi wa kamfanin Equifax na Amurka kutse, mai tattara bayanan bashin jama'a, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Ta wata tsaga a manhajar Apache Struts aka shiga, alhali facinta, wato gyaran da ke toshe tsagar, ya fito tun watan Maris, ba a liƙa ba. Masu kutsen suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli. Kwana 76 suna ciki suna kwasa a nitse. Da a ranar farko aka gan su, da asarar ba ta kai haka ba.

A shekarar dai, ranar 12 ga Mayu, manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle kwamfuta tana neman fansar dala 300. Asibitocin gwamnatin Birtaniya sai da suka soke ganin likita kusan 19,000. Microsoft kuwa ya saki facin tsagar da ta bi ta shiga tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Don haka Malam, in littafinku ya kawo babin sabunta manhaja, ka ɗora shi a kan wannan karin maganar, za ta ɗauka. Ka yi amfani da duka ruwayoyin biyu ma: "wurin shiga" don babin rigakafi, "wurin ɓuya" don babin sa ido.

Ɗalibar Ajin Farko:
Ni irin wannan darasin nake yi a wata makarantar, kuma ina so in yi magana kan littafin, don mu ne muke fama da shi. Namu fotokwafi ne, mu biyar muka haɗa kuɗi, zane-zanen duk sun yi baƙi. Shafi ɗaya sai ka tarar da gajerun haruffa bakwai ko takwas, kowanne a madadin doguwar jimla, kafin ka kai ƙasa ka manta na sama. Misalan kuma duk na manyan kamfanoni ne da dokokin Amurka. Ban taɓa ganin BVN a ciki ba, ko mai POS, ko dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, ko dokar kare bayanai ta 2023. Babin da na karanta ba tare da ƙamus ba shi ne na ɓoye saƙo, inda aka nuna yadda Kaisar na Rum yake matsar da kowane harafi gaba da uku. Na ɗauki biro na rubuta wa ƙanwata saƙo da Hausa a haka, ta yi ta juya takardar. Da malaminmu ya ce Al-Kindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, shi ya bayyana yadda ake warware irin wannan ta ƙirga harafin da ya fi yawa, sai na ji ashe ilimin nan ba baƙonmu ba ne. Inda littafin ya ba ni abin yi da hannuna, nan nake ganewa.

Mai Gyaran Waya:
Ni ban yi zurfi a boko ba, amma kullum masu kuka suna zuwa shagona. Karin maganar da ta fi dacewa a ganina ita ce "in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Mutum zai kawo waya gyara, ya rubuta lambar katinsa a takarda ya soke a bayan murfin wayar. Wani ya ba mai POS kati ya faɗi lambar da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Waɗannan ai su suka kira ɓera.

Hajiya Malamar Hausa:
Ƙanena, ban yarda a shiga aji da wannan ba. Karin maganar daddawa ana faɗinta ne a wurin sulhu, in ana so a nuna kowane ɓangare da nasa laifin. Yayata ta haura sittin. Aka kira ta a waya, mutumin ya yi sallama, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunta a ranar in ba ta karanto lambar da aka turo mata ta tes ba. Ta karanto. Kafin la'asar kuɗin adashenta sun tafi. Kwana uku ta yi ba ta faɗa wa kowa ba, don kunyar kada a ce wautarta ce, kuma waɗannan kwanakin su ne lokacin da ya kamata a garzaya banki. Wane wari daddawarta ta yi? Ta girmama wanda ya yi mata sallama ne kawai. In aka koya wa ɗalibai cewa wanda aka cuta shi ya jawo, gobe su ne za su zauna a ofis, mutane su riƙa ɓoye musu abin da ya faru.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya, Allah ya mayar mata da alheri. Na karɓi gyara a kan irin nata. Amma mai soke lamba a bayan waya, wannan har yanzu ina kan bakata.

Mai Tsaron Manhaja:
Abin da ya samu yayar Hajiya ya samu waɗanda suka fi ta sanin na'ura nesa ba kusa ba. A watan Yulin 2020 ta waya aka yaudari wasu ma'aikatan Twitter suka ba da bayanan shigarsu, aka kai hari kan shafuka 130, har da na Obama da Elon Musk. A nan ne karin maganar bango take gazawa in an ɗauke ta a kan na'ura, don ba wata manhaja da aka fasa, ƙofa aka ƙwanƙwasa aka buɗe. Littattafan share fage da na gani yawanci suna tura wannan batun can tsakiya ko ƙarshe, bayan ɗalibi ya gaji. Ni da ni ne Malam, da shi zan fara.

Tsohon Hedimasta:
To kun dawo inda na tsaya ke nan. In kuka bar bangon a ma'anarsa ta asali, wato mutane, karin maganar ba ta gaza ba. Gidan da tsohuwa za ta iya ce wa mai kira "dakata in tambayi ɗana," kuma ta san ba za a yi mata dariya ba, wannan bangon lafiyarsa ƙalau. Tsoro da kunyar da suka sa ta yi shiru kwana uku, su ma tsaga ce.

Malamin Kwamfuta:
Na gode, Baba, na gode Hajiya. Littafin ba zan ajiye shi ba, don tambayoyin ƙarshen babi da jerin ma'anonin kalmomi suna da amfani, kuma da Turancin za su rubuta jarrabawa su nemi aiki. Amma zan sauya jerin: babin yaudarar mutane zai dawo mako na biyu. Aikin gida kuma, kowa ya zauna da wani babba a gidansu, ya tambaye shi irin kiran da aka taɓa yi masa da abin da ya amsa, ya rubuto shafi ɗaya ba tare da sa suna ba. Hajiya, in kin amince zan ba su labarin yayarki a matsayin misalin farko.

Hajiya Malamar Hausa:
Bari in tambaye ta tukuna, Malam, labarinta ne. In ta yarda zan sanar da kai kafin Talata.