Duƙushin da dillali ya ce shekararsa 3: me zan duba kafin in biya?

Na Ɗan Gulbi:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena masana doki. An yi mini tallar wani duƙushi akawal, wato baƙi, dillali ya ce daga wajen Dakoro aka kawo shi, kuma shekararsa 3. Na auna shi daga ƙasa zuwa tozo, mita 1 da santimita 42. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai: kuturinsa, wato saman ɗuwawunsa, ya ɗan fi tozonsa tudu, sannan in ka tsaya a bayansa za ka ga gwiwoyin baya sun matso juna. Ni don hawan sallah nake son sa, amma ƙannena sun dage a riƙa sa shi sukuwa. Daga ina ake fara duba ɗan doki? Kuma doki ɗaya zai ɗauki aikin nan biyu?

Mai Barga:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye maganar launi tukuna. Akawal yana da kwarjini a ƙofar fada, amma ba gashi ne zai ɗauke ka ba.

Fara da baki. Ɗaga leɓensa ka dubi haƙoran gaba, 6 a sama, 6 a ƙasa. Haƙoran nono ƙanana ne, farare tas, masu siririn wuya a wajen dasashi. Na girma sun fi faɗi da tsawo, launinsu ya ja zuwa rawaya. Biyun tsakiya suna faɗuwa a shekara 2 da rabi, na girma su fito, sai an kai shekara 3 na sama da na ƙasa su haɗu. Na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Fiƙar namiji tana ɓullowa tsakanin 4 da 5. To in dokin nan ya cika 3, dole ka tarar da manyan haƙora biyu sama, biyu ƙasa, sun riga sun haɗu. Tun da bakin yana buɗe, duba ko na sama sun zarce na ƙasa sosai. Mai irin wannan baki ba ya cin ciyawa da kyau, ƙibarsa wahala gare ta.

Daga nan a fitar da shi daga yashi. Yashin Maradi yana ɓoye rabin kofato, kuma dillalai sun san haka. A tsayar da shi a daɓe ko ƙasa mai tauri, ƙafafu huɗu daidai, a wanke kofatan da ruwa don laka tana rufe tsagewa.

Tsaya a gabansa da igiya mai ɗan dutse a ƙarshenta. Saki igiyar daga ƙashin kafaɗa: ya kamata ta raba gwiwa, sangali da kofato gida biyu. In kofatan sun kalli waje, ƙafa za ta riƙa shigowa ciki yayin tafiya tana bugun ƴar'uwarta, sai ka ga tabo a cikin idon sawu. In sun kalli ciki, yana watsa ƙafa waje, muni ne amma da sauƙi. Koma gefe. Gwiwar da ta ɗan turo gaba ana haƙuri da ita. Wadda ta lotsa baya ita ce abin gudu, domin duk saukar da zai yi nauyin yana faɗawa kan ƙananan ƙasusuwan gwiwa da jijiyar bayan sangali. Kada ka manta ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa yawancin ɗingishi daga nan yake tasowa.

Wuyan ƙafa, tsakanin idon sawu da kofato, ya zama karkacewarsa ɗaya da ta gaban kofato, layi guda ba karyewa, wajen digiri 50 zuwa 55. In ya miƙe tsaye kuma gajere ne, dokin zai riƙa dukan ƙasa, kai ma za ka ji a ƙugunka, daga baya ƙashi ya tsiro a wurin. In ya yi tsawo ya kwanta, jijiya ce za ta sha wahala. Shafa sangali da yatsu biyu daga gwiwa zuwa ƙasa. Jijiya ta fito sarai, a bushe, ba zafi, ba kumburi, kuma kada ta tsuke a ƙasan gwiwa.

Kofatan gaba su zama girma ɗaya. In ɗaya ya fi tsukewa da tsayi, dokin ya daɗe yana sassauta wa wannan ƙafar. Zobba masu tudu a jikin kofato, waɗanda suka fi buɗewa ta wajen dunduniya, alama ce ta an taɓa cika masa hatsi har ƙafar ta yi zafi. Duba tabon dabaibayi a wuyan ƙafa, ka duba tabon lalas a gwiwa ko sangali. Ba a ƙona ƙafar da ba ta yi ciwo ba.

Tudun kuturi kuwa kada ya dame ka yanzu. Duƙushi baya yake fara tashi, gaba ya biyo. In ya kai shekara 5 bai daidaita ba, a nan ne ya zama aibi, don sirdi zai riƙa gangarowa kan kafaɗa.

Likitan Dabbobi:

Baba Mai Barga ya gama da tsayuwa, bari in ɗora da motsi. Malam, ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka ga dokin a turke kafin kowa ya motsa shi. Akwai ɗingishin da ke ɓacewa in jiki ya yi ɗumi, musamman na gwiwar baya.

A ja shi da ragama, igiya a sake, ya tafi mita 30 ya dawo, da tafiya sannan da sassarfa. A sassarfa ɗingishi ke bayyana. In ciwon na ƙafar gaba ne, kansa zai ɗaga sama lokacin da mai ciwon ta taɓa ƙasa, ya sauka in lafiyayyar ta taka. In na baya ne, kalli ƙugu: ɓangaren mai ciwo ya fi hawa da sauka. A kewaya da shi dama da hagu a ƙasa mai tauri. Sannan ka naɗe kowace ƙafa ka riƙe kamar minti 1, ana saki a sa shi sassarfa nan take. Taku biyu ko uku na tauri ba komai ba ne. In ya ci gaba da ɗingishi, akwai matsala a gaɓar. A lafiyayyar tafiya, sawun baya yana sauka kan sawun gaba ko ya zarce shi kaɗan, kuma wannan a yashi ya fi saurin ganuwa.

A huce, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 ne a minti, numfashi 8 zuwa 16, zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5 na Celsius. A gudanar da shi har ya yi gumi, ka kasa kunne a maƙogwaro. Fito ko gurnani yayin jan iska yana nufin maƙogwaron ba ya buɗewa duka, kuma irin wannan ba ya sukuwa mai nisa. Duba idanu biyu a inuwa, kada a samu fari ko hazo. Taɓa cibiya ko akwai ƙullutu, ka tabbata ƴaƴan maraina biyu sun sauko. Bi ƙafafu, ƙirji da wuya da hannu: ƙuraje a jere kamar carbi, masu fashewa da mugunya, cuta ce mai wuyar magani kuma tana yaɗuwa a barga. Kada ka kai irinsa kusa da sauran dawaki.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar hawa. Ƙarshen ƙashin da ke saman gwiwar gaba ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, ƙashin gadon baya kuwa shi ne na ƙarshe, sai shekara 5 zuwa 6. Ga lissafin da zai taimake ka. Auna kewayen ƙirji a bayan tozo, ka auna tsawo daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Misali kewaye 155, tsawo 145, zai ba ka kusan kilo 293. Babban doki bai kamata ya ɗauki fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, wato wajen kilo 59 a wannan misali, kuma har da sirdi. Ka ɗora sirdin gargajiya da zubka da jalala da likkafu a sikeli ka gani, kafin ka haɗa da nauyinka da na babbar riga da rawani. Wannan ma'aunin na ƙosasshe ne, duƙushi bai kai nan ba.

Ɗan Sukuwa:

Da izinin Baba da Likita, maganar gwiwoyin baya ba a taɓa ta ba, kuma ita ce ya tambaya. Yayana, dawakinmu na nan, na Arewa da na Barno da masu jinin Dongola, da yawansu haka suke: kuturi a gangare, gindin wutsiya a ƙasa, gwiwoyin baya sun ɗan kalli juna. In ka ce sai wanda ba shi da wannan, za ka daɗe kana yawo a kasuwa. Abin lura shi ne sangalin baya. In sun sauko a jere, tazararsu ɗaya sama da ƙasa, yatsun ne kawai suka ɗan kalli waje, wannan ba aibi ba ne. In gwiwoyin sun kusa gogar juna ƙafafun kuma suka baje a ƙasa, ƙarfin turawa yana zubewa gefe, cikin gwiwar kuma zai kumbura da aiki. Daga gefe ma duba: igiyar da ka saki daga ƙarshen ɗuwawu ta taɓa kan gwiwar ta bi bayan sangali. In ƙafar ta shige ƙarƙashin ciki ta lanƙwashe, tsayawar gaggawa za ta ci ta.

Aikin biyu kuwa, ƙira daban suke so. Dokin sukuwa ana nema masa kafaɗa doguwa mai kwanciya, wajen digiri 45 zuwa 50, don ita ke ba da dogon taku. Ƙirji mai zurfi, ba mai faɗi ba. Dantse dogo, sangali gajere. Nisa mai kyau daga ƙashin ƙugu zuwa ƙarshen ɗuwawu, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jiki, da cinya cike har ƙasa. Hanci mai buɗewa, da sarari tsakanin muƙamuƙai da dunƙulen hannu zai shiga. Dokin hawa kuma gajeren baya ake so, mai faɗi, ƙugu a haɗe ba rami, tozo ya fito don ya riƙe sirdi, wuya ya tashi daga sama don ya yi taƙama. Jahi ma ba wasa ba ne: gudu ne a tsaya cak a gaban sarki, kuma gwiwar baya ce ke biyan wannan. Ƴan folo na Katsina su ma abin da suke dubawa ke nan, gajeren baya da saurin juyi.

Sai hali, wanda awo ba ya nunawa. Dokin da ya saba fita da gudu da zarar ya ga ƴan'uwansa sun yi layi, ranar sallah zai wahalar da kai a cikin kalangu da algaita da harbin bindiga da yara ta ko'ina. Gwada shi: kaɗa buhu a gefensa, a buga ganga daga nesa, a tayar da babur kusa. Firgita ta farko ba laifi. Wanda ya dawo ya shinshina abin, shi ne mai koyo. Wanda ya ci gaba da rawar jiki yana fizge igiya, ba na taro ba ne. Ra'ayina, zaɓi ɗaya. In hawa ne burinka, kilisa ta ishe shi, ƙannenka su nemi nasu.

Na Ɗan Gulbi:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na koma na duba. Haƙoran tsakiya na sama sun faɗi, sababbin sun fara leƙowa, na ƙasa har yanzu na nono ne. Sangalin baya a jere suke, ba ɗingishi a sassarfa. Sai dai wuyan ƙafar gaba na hagu yana da tabon igiya, gashi bai fito ba. In na saya, yaya zan tafi da shi?

Mai Barga:

To shekararsa 2 da rabi, ba 3 ba, sai a yi ciniki a kan haka. Ɗan tsayi kaɗan ya rage masa, ƴan santimita, amma zai ƙara faɗi sosai. Tabon nan ka danna shi da babban yatsa. In fata ce kawai tana motsi a kan ƙashi, ba zafi, ba tauri a ƙarƙashi, ba komai. In ka ji tudu mai tauri da ba ya motsi, Likita ya gani kafin kuɗi su fita.

Sallar bana ba tasa ba ce, ɗana. Wannan shekara a ja shi da ragama, ya koyi tsayawa, ja da baya, ba da ƙafa. Kada a sa masa linzaminmu mai zobe yana cikin famfara, bakin zai mutu tun bai fara aiki ba. Ya saba da zubka da bauji, daga baya sirdi ba mahayi. Bayan ya cika 3, yaro mara nauyi ya hau shi minti 15 zuwa 20, tafiya da ƴar sassarfa. Cikakken kaya da jahi sai ya haura 4, gara ma 5. Kada ya wuni a turke, a sake shi talala ko a fili kullum, don motsi ke gina ƙashi.

Abinci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato wajen kilo 6, mafi yawa harawa da busasshiyar ciyawa mara ƙura. Gero ko dawa kaɗan, a raba sau biyu ko uku. Kada a cika masa dusa don a ga ya yi sheƙi: dusa da hatsi in suka rinjayi harawa suna raunana ƙashin mai tasowa, har ƙashin fuska ya kumbura. Ruwa a gabansa koyaushe, da bazara zai iya shan lita 40 ko fiye. A gyara kofato duk mako 6 zuwa 8, da damina kuma a riƙa share ƙarƙashinsa kullum, a sauya masa wurin tsayuwa in ya jiƙe.