Abin da na tsinta a hirarmu kan bayan ruwan sama

Mun jima muna hira kan abin da mutum zai yi idan ruwa ya ɗauke, yawanci dai sun ce a fita waje, a ajiye waya a ɗaki ko na minti 10 ne. Wata ta ce ita ƙamshin ƙasa kawai take shaƙa sai ta ji zuciyarta ta yi sanyi, wani ya ce ai wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙasa suke fitar da sinadarin geosmin, ruwa na dukan busasshiyar ƙasa sai ya taso, shi ya sa ruwan farko ya fi ƙamshi. Ni wannan bayanin ma ƙara min imani ya yi wallahi.

Wani dattijo ya kawo aya ta 50 a Suratur Rum, a dubi alamun rahamar Allah yadda yake raya ƙasa bayan ta mutu, ya ce a kalli ciyawar da ta fara tsirowa a yi hamdala, a kuma tuna da waɗanda ambaliya ta yi wa ɓarna a addu'a. Masu son bakan gizo kuma an ce su juya wa rana baya.